Yadda muke kashe bashi da kwasar adashi a layinmu

Ni tela ne a Fagge, cikin Kano, kuma ni ke riƙe da littafin adashin layinmu. Ba don na fi kowa abin hannu aka ba ni ba. Rubutuna ne ke karantuwa, kuma ba na jin nauyin tsayawa a ƙofar shagon mutum in ce masa yau Alhamis, ranar zubi. Wanda ya riƙe irin wannan littafi yakan san cikin mutane fiye da yadda suke zato. Na san mai zubi da guminsa, na san mai zuwa ya ranto na zubin a wani wuri, na kuma ga waɗanda suka shigo bashi ya kai musu iya wuya, suka fita babu mai bin su ko sisi. Abin da zan faɗa a nan, a wurin waɗannan na ƙarshen na gan shi.

Sana'ar tamu ita kanta tana jefa mutum bashi. Daga tsakiyar azumi zuwa daren Sallah ba ma barci, kuɗi na shigowa har ka ɗauka haka za a dawwama. Bayan Babbar Sallah kuma sai layi ya yi tsit, sai gyaran zif da rage ƙafar wando. Ga haya, ga man janareta, ga kuɗin makarantar yara a watan Satumba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ma'aikacin jiha da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 shi ma ya san inda nasa ke ƙarewa: a wurin mai kanti, tun wata bai raba ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba abin sunkuyar da kai ba ne. Abin da na lura da shi dai shi ne, kuɗin da ya kwana a aljihun wanda ake bi ba ya isa hannun mai shi. Ba mugunta ba ce. Ka ware dubu goma za ka kai wa mai bin ka gobe, da daddare yaro ya tashi da zazzaɓi, ko ƙanwarka ta bugo waya, shi ke nan. Waɗanda suka fita daga bashi a gabana duk abu ɗaya suka yi: sun sa mutane a tsakaninsu da kuɗinsu.

Kafin mutane dai, littafi. Irin na 'yan firamare ya isa. Ka zauna bayan sallar Asuba, kafin gida ya tashi, ka rubuta duk wanda ke bin ka: sunansa, nawa ne, yaushe ka karɓa, yaushe ka ce za ka biya. Manyan ba sa ɓacewa, ƙananan ake tsallakewa. Na mai shayi, na mai kantin unguwa da yara ke zuwa karɓo sukari da sabulu da sunanka, katin waya da ka ranta, da kuɗin da ka karɓa a hannun maiɗakinka ka ce "zuwa jibi" ga shi har an yi Sallah biyu. Wannan shi maza suka fi mantawa, alhali bashi ne cikakke. Kuɗin mace nata ne, ko da sayar da ƙanƙara da zoɓo ta tara su.

Allah da kansa ya yi umarni da rubuta bashi, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, har ya ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Mu kuma sai mu ce ai akwai yarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahun jana'iza a garin nan ya ji ana shela cewa mai bin mamaci bashi ya nemi magada. Bayan sadakar uku sai wani ya zo ya ce dubu ɗari biyu ne, babu takarda babu shaida, magada su tsaya suna kallon juna, ba halin ƙaryatawa ba halin gaskatawa. Ɗan littafin nan yana raba iyalinka da wannan.

In ka haɗa jimilla gabanka zai faɗi, kowa haka yake ji. Sai ka nuna wa mutum ɗaya. Ba majalisa ba, mutum ɗaya: matarka, ko yayanka, ko maigidanka na sana'a, wanda dai zai iya tare ka bayan wata guda ya ce ina aka kwana, ka ji nauyin yi masa ƙarya.

Wanne za a fara biya? Ni a ganina amana ce kan gaba, wato kuɗin mutane da ke hannunka ba da sunan rance ba. A wurinmu teloli shi ne kuɗin da kwastoma ya ba ka ka sayo masa shadda ka taɓa; a wurin ɗan sahu balas ɗin mai mashin ne; a wurin yaron shago cinikin maigida ne. Wannan in ya fasu ba kuɗi kaɗai yake ci ba, har da sunan da kake neman abinci da shi. Sai bashin da ke haihuwa, wato mai kuɗin ruwa, musamman na manhajojin ba da rance na waya. A ce ka karɓi dubu 20 an ce ka mayar da dubu 26 cikin sati biyu, in ka makara kullum ana ƙara tara. Wanda ya shiga yakan je manhaja ta biyu ya ranto ya biya ta farko, ta uku ta biya ta biyu. Ka tsaya a inda kake, kada ka buɗe sabuwa. Saboda tozarcin da wasunsu ke yi na tura saƙo ga lambobin wayar mutum suna kiransa ɓarawo, hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta wajabta musu rajista tun 2022, Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane tun 2023. In an yi maka haka kana da inda za ka kai ƙorafi. Amma kuɗin da ka ci, ka biya, ka goge manhajar, ka nemi gafarar Allah kan ruwan da ka shiga.

Bayan waɗannan biyun sai ka duba wa ya fi buƙata. Mai kantin unguwa da jarinsa bai taka kara ya karya ba, dubu 25 ɗinsa da ke wurinka ta hana shi sarin katan biyu a kasuwar Singa. Shi ya fi cancanta a fara da shi a kan Alhajin Kantin Kwari da ke bin ka dubu 150. Alhaji zai iya jira, amma da sharaɗin ka je ka same shi.

Zuwa wurin mai bin ka

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Wanda ake bi sai ya canza hanya, ya daina sallah a masallacin layin, ya ga kira ya kife waya. Mai kuɗi kuwa ba jinkirin ke ƙona masa rai kamar shirun ba. Ka riga shi, ka je tun bai aiko ba. Kada ka same shi a shago gaban yaransa da masu ciniki. Ka bari bayan La'asar in kasuwa ta lafa, ko ka bi shi gida bayan Isha. Ka tafi da babba guda wanda yake jin nauyinsa, ka kuma riƙe wani abu a hannu komai ƙanƙantarsa. Bayan gaisuwa ka tafi kai tsaye:

"Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Kan kuɗin yadin nan na zo. A lissafina dubu 150 ne, ko akwai gyara?"

Ka bar shi ya duba nasa littafin, ku daidaita a kan adadi ɗaya. Sannan ka ce, "Ba zan iya kawo su a dunƙule ba, ranka ya daɗe. Na shiga adashi, duk sati goma ina da kwasa, daga kwasa ta biyu za a riƙa kawo maka. Ga Baba, shi ne shaida."

Kada ka ce "in sha Allahu kwanan nan". Ka faɗi in sha Allahu, amma ka haɗa da rana da adadi, kuma adadin da ka tabbata za ka iya ko kasuwa ta yi sanyi. Gara ka yi alkawarin kaɗan ka cika da ka cika baki ka sake ɓuya. Yawancin 'yan kasuwar garin nan sun san aya ta 280 ta Baƙara da ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma na sha ganin wanda ya yafe wani sashe don kawai an je an same shi. Kai ma ka tuna naka ɓangaren: hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jinkirin mai hali zalunci ne. Kada Alhaji ya ɗaga maka ƙafa jibi ya gan ka da sabuwar waya.

In abin ya riga ya zama rigima, akwai mai unguwa, akwai shugabannin kasuwa, akwai Hisbah da ke zaman sulhu, akwai kuma kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019. Ka sani cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi zalla ko saɓa yarjejeniyar ciniki. In akwai damfara ko cin amana a ciki, wannan magana daban ce, shi ya sa na ce amana a fara da ita.

Adashin da ke biyan bashi

Adashi ba ya ƙara maka ko kwabo. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. Amfaninsa biyu ne: yana dunƙule maka ƙananan kuɗin da da sun tafi a shayi da kati, kuma wanda ya yi kwasar farko ya samu rance ne babu ruwa, daga mutanen da ba za su tozarta shi ba.

Bari in buga misali da lissafi. A ce ana bin ka dubu 20 na amana, dubu 30 na manhaja, dubu 25 na mai kanti, dubu 150 na Alhaji. Jimilla dubu 225. Ku goma ne, kowa na zuba dubu biyar duk sati, kwasa dubu 50 ke nan, tana zagayowa duk sati goma. Kwasar farko ta kashe amana da manhaja gaba ɗaya. Ta biyu ta sallami mai kanti, Alhaji ya samu dubu 25. Ta uku da ta huɗu nasa ne. A ta biyar ya karɓi cikon dubu 25, kai ma dubu 25 ta rage maka. Cikin shekara guda ke nan, da kuɗin da bai kai naira 800 a rana ba.

Amma wannan lissafin ba ya tafiya sai da doka guda, wadda ita ce zuciyar abin da muke yi a layinmu: wanda ya shigo don biyan bashi, kwasarsa ba ta taɓa hannunsa. Tun ranar shiga yake faɗa mana, ni da wani dattijo a layin, wa da wa za a biya. Ranar kwasa mu ke tura wa mai kuɗin, ko mu raka shi a kai, a rubuta a littafi, mai karɓa ya sa hannu. Na ga magidanci da furfurarsa ya zo ranar kwasarsa yana cewa, "Malam, a ba ni rabi, ɗaurin aure ya taso mana a ƙauye." Dattijon nan bai ɗago daga kan kekensa ba ya ce, "Ai kai ka ce mu hana ka. Mun hana." Ya yi fushi, sati guda ba ya gaishe mu. Yau shi ke kawo mana sababbin mutane.

Zubi kuwa, da watan da kasuwa ta fi mutuwa ake auna shi, ba da watan azumi ba. In a lokacin rashin aiki dubu uku za ka iya, to dubu uku ce zubinka ko da abokanka na zuba goma. Kuma adashi ɗaya, hannu ɗaya. Wanda ya shiga uku, ya kwashi wannan ya zuba a wancan, bashi ya ƙara wa kansa da wani suna.

Su wa za ka shiga da su? Waɗanda ka san ƙofar gidansu da inda suke neman abinci. Adashin WhatsApp da uwar adashin da ba ka taɓa gani ba sai lambar asusu, ka bar shi ko da hoton wa ta sa. Ko na sanayya ma a rubuta ƙa'ida tun ranar farko, lokacin da kowa ke dariya: ranar zubi da ƙarfe nawa ake rufewa, me za a yi in mutum ya kwanta ciwo, me za a yi in ya rasu bayan ya kwasa ko kafin ya kwasa, wa ya tsaya wa wa. Sabon shiga kwasar ƙarshe yake yi a zagayen farko, sai dai in wani tsohon ɗan adashi ya tsaya masa, ya yarda in ya gudu shi zai cika. Tarar makara ba ma karɓa, don malamai sun yi magana a kan ƙari a bashi. Wanda ya saba makara sai a mayar da shi ƙarshen layi a zagaye na gaba, in ya ƙi gyarawa a sallame shi da mutunci. Duk zubin da aka yi ta waya a tura shaidarsa kowa ya gani, kuma kada kuɗi ya kwana a hannun mai littafi. Yau aka haɗa, yau aka bayar. Yawancin adashin da ya watse a garin nan ba ɓarayi suka watsa shi ba, mutumin kirki ne ya taɓa kuɗin da niyyar mayarwa kafin ranar kwasa.

Zagaye kada ya yi tsawo. Mutum ashirin ana kwasa wata-wata, na ƙarshe sai bayan wata ashirin, a wannan tsadar kuɗinsa ba za su sayi abin da na farko ya saya ba. Goma zuwa sha biyu ya isa, kuma a riƙa juya layi, wanda ya haƙura ya yi ƙarshe don wani ya biya bashi, in wancan ya gama shi ma a ba shi gaba.

Akwai ɗan ƙari da muke yi wanda ya fi adashin kansa ceton mutane. Kowa kan ɗora naira 200 a kan zubinsa, ta shiga asusun taimako. Wanda ciwo ko haihuwa ta rutsa da shi sai a ranta masa daga ciki, babu ruwa, ya mayar cikin wata guda ko biyu. Wannan ne ke hana mai biyan bashi komawa manhaja in wani abu ya faɗo a tsakiyar hanya. Mutum biyu ke riƙe da shi, ɗaya kuɗi ɗaya littafi, duk ƙarshen zagaye a karanta lissafi a gaban kowa.

Masu zagayawa karɓar ajiyar kullum a kasuwa su ma suna da amfani ga mai cinikin yau da gobe. Bisa al'ada zubin rana ɗaya a wata shi ne ladansu. Sai dai kuɗinka na hannun mutum ɗaya ne, don haka ka karɓi abinka duk ƙarshen wata, kada ka bar shi ya taru.

Jama'ar da ke fitar da kai, su ke jefa ka

Wannan sai an faɗa. Rabin bashin da nake gani ba na abinci ba ne, na fita kunya ne. Ni ake kawo wa anko, na san yadda yake. Mace ta karɓi atamfar a hannun dillaliya bashi, ta kawo ɗinki ta ce, "Malam, ka taimaka, ƙarshen wata," ga kuɗin liƙi, ga gudummawa, biki ɗaya anko biyu ko uku, na kamu daban na dina daban. Bayan sati guda kayan na ƙasan akwati, bashin na nan. Maza ma ba su tsira ba: lefen da ya fi ƙarfin ango, kayan ɗakin da uba zai shekara biyu yana biya, ragon suna na gani-a-faɗa. Cinikina ne nake rage wa kaina da wannan magana, na sani.

Ke 'yar'uwa, bikin da aka kawo miki ranar naki, wanda za ki mayar ranar nasu, sau da yawa har da ƙari, shi ma ki sa shi a littafi, don ranar da zai faɗo ba ya sallama. In kina cikin biyan bashi ki faɗa tun da wuri, kafin a yanko da ke: "Yaya, bana ba zan samu damar anko ba, akwai abin da nake saukewa. Amma aikin girki ki bar mini, tun jajibere ina nan." Za a yi gutsiri-tsoma na kwana biyu a wuce. Kai kuma in danginku na taron zumunci wata-wata, a nan ake gyara irin wannan. Babba guda ya miƙe ya ce daga yau anko ɗaya ne, gudummawa kuma daga asusun zumunci za ta fita, kowa zai ji daɗi a ransa ko bai nuna ba.

Wanda bashi ya danne har adashin ma ba zai iya ba, ya sani yana da haƙƙi a zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba wa, waɗanda bashi ya yi wa katutu na ciki, matuƙar ba a saɓo ko almubazzaranci aka ci shi ba. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi, kuma attajirai da yawa kan tambayi limamai wa za su ba. Ka samu limamin unguwarku shi kaɗai, ka nuna masa littafin. Wannan ba bara ba ce.

Tanadi

Ranar da bashi ya ƙare kada zubi ya tsaya. Jikinka ya riga ya saba da rashin dubu biyar ɗin nan, in ka mayar da ita cefane ba za ka ga inda ta shiga ba. Kwasa ta farko da ta zama taka ka ajiye ta don ciwo da mutuwar kasuwa, ka ci gaba har ta kai abin da zai riƙe gidanka wata biyu ko uku. Fili da ƙarin keke duk sai bayan wannan.

A ina za a ajiye? Asusun katako na ƙarƙashin gado yana da kyau ga canji da koya wa yara, amma ba wurin manyan kuɗi ba ne. Kowa ya tuna farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, yadda aka yi ta fasa asusu ana kwana a layin banki. Ga gara, ga ɓarawo, ga kai kanka da guduma. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yanzu ba shi da uzuri: akwai bankunan da ba sa harka da ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 kuma Kano na cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Ka buɗe asusu daban da wanda ciniki ke shiga, kada ka karɓi katin cirar kuɗi, kada ka sa manhajarsa a waya, ya zama sai ka taka ka je kafin ka taɓa. Ka kuma tabbata wurin na ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar mutane a bankuna, wadda tun 2024 take biyan mai ajiya har naira miliyan 5 in ɗaya daga cikin manyan bankunan kasuwanci ya durƙushe, miliyan 2 kuma a ƙananan bankunan masu ƙaramin ƙarfi. Mai son ajiyar dogon zango ya sa kunne ga sukuk na gwamnatin tarayya, wato zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Ana shiga da naira 10,000, ana biyan wanda ya zuba kuɗin haya sau biyu a shekara, amma na shekara bakwai zuwa goma ne, ba na kuɗin cefane ba.

Mutanenmu sun fi yarda da ajiyar da ido ke gani, kuma suna da hujja, tunda kuɗin takarda zagwanyewa suke. Mata kan sayi ɗan kunnen zinare, ko su ɗaure tunkiya a tsakar gida. Yana yi, in an lissafa dusa da harawa da magani, ba farashin rago ranar jajiberen layya kaɗai ba. Hatsi kuma, ka sayi na cin gidanka a Dawanau da kaka, wannan tanadi ne. Saye don a jira tsada wani abu ne daban: a 2025 farashi ya faɗo, waɗanda suka cika rumbuna da kuɗin mutane sun ji jiki. Ɗan kasuwa kuma kada ya ce ai kayan shagona su ne ajiyata. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta mayar da masu shaguna da yawa farawa daga tushe. Ka raba ƙafa.

Da zarar an ji ka fara tarawa, mai "harkar da ke ninka kuɗi" zai zo, kuma ba baƙo ba ne, abokin majalisa ne da shi ma aka ruɗa, yana nuna maka alat a waya. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025. Ka tambaye shi me ake saye, me ake sayarwa, ina shagon yake. In amsar ita ce ka kawo mutum biyu, ka ja bakinka ka tashi. In kuma Allah ya yi wa ajiyar albarka ta kai nisabi, kimar giram 85 na zinare, ta shekara a hannunka, ɗaya cikin arba'in na zakka ne.

Masu neman rance ma za su zo, kuma yawanci naka ne, waɗanda ba ka iya rufe wa ido. Ka ware wani adadi da ka san in bai dawo ba gidanka ba zai girgiza ba, shi kaɗai ke fita, in yana hannun wani sai ya dawo kafin wani ya samu. Ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, a rubuta, da rana, da shaida. In abin da yake nema ya fi wannan, ka ce masa, "Ƙanena, wannan ya fi ƙarfina ni kaɗai. Amma ka zo da jerin masu bin ka mu zauna, zagaye na gaba zan tsaya maka a ba ka kwasar farko."